Ruwan Agusta a Ƙarƙashin Kujerar Direba

Duk motar da rufinta na tamfol ne, irin wanda ake naɗewa a bar sama a buɗe, ruwa yana shiga jikinta. Haka aka ƙera ta. A irin tawa, Porsche Boxster, ruwan da ya sauka a kan rufin, wani yakan gangara ta gilashin baya, ya kurɗa ƙarƙashin murfin ramin da rufin ke kwanciya, ya faɗa cikin wani faranti na soso, daga nan bututu ya ɗauke shi ya zubar ƙasa a gaban tayar baya. Muddin wannan hanya a buɗe take, ko kwana aka yi ana tafka ruwa, cikin mota a bushe zai wayi gari. Ran da ta toshe kuwa, ruwan zai nemi wata hanyar, kuma wadda ya fi samu ita ce ta bayan kujera.

Wannan shi ne abin da nake so duk mai irin motar nan a ƙasarmu ya riƙe, domin akasarin shawarar da za a ba shi akasin haka take. Da ka ce motarka tana yoyo, sai a ce a kawo silikon. A shafe bakin gilashi, a shafe gefen rufi, a liƙe duk kafar da ido ya gani. Na taɓa ganin wata a gareji da aka yi wa wannan aika-aika, har ramukan da aka huda musamman don ruwa ya fita an cike su da gam, mai ita kuma yana ta mamakin yadda yoyon ya ƙaru bayan ya biya kuɗi.

Tawa Porsche Boxster ce ƙirar 2001, cikin zubin farko da ake kira 986, wanda aka fara sayarwa a 1996 aka rufe a 2004. Daga Amurka aka shigo da ita, sitiyari a hagu, kuma ta bi hannaye kafin ta iso gare ni. Kujera biyu ce kawai, inji mai silinda 6 da lita 2.7 yana kwance a bayan kujerun, sai but biyu, gaba da baya. Ba da ita nake zuwa aiki ba. Amma da sassafe ranar Asabar, in na sauke rufin na ɗauki hanyar Kachia kafin manyan motoci su fito, ƙarar injin nan tana tashi daga bayan kunnena, ba na jin akwai abin da na mallaka da ke faranta mini rai kamarta. Shi ya sa ban iya zuba mata ido tana ruɓewa daga ƙasa ba.

A Kaduna nake, kuma a gindin darbejiyar tsakar gida take kwana a lokacin, saboda inuwa. Masu irin motar a Turai da Amurka, kukansu ganyen kaka ne. Namu ya fi nasu wuya. Tun daga Nuwamba har Fabrairu ƙurar hunturu take sauka, mai laushi ƙwarai, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a Chadi, kuma babu kafar da ba ta shiga. Daga nan darbejiya ta zubar da ganye da ƙananan furanni a kai. A bushe duk wannan ba ya hana komai. Sai ruwan farko na Afrilu ko Mayu ya zo ya kwaɓa su, ba mai yawan da zai wanke ba, rana ta biyo baya ta gasa, sai su zama dunƙulen laka mai tauri a daidai bakin bututu. Duk wanda ya tashi a gidan soro ya san abin da ake yi wa indararo kafin damina, ya kuma san abin da ke faruwa da azara in aka manta. Kafin markar Agusta ta kankama, a garin da ke samun ruwa sama da milimita 1,000 a shekara, hanya ta riga ta rufe.

Alamun sun soma tun a Yuli. Da safe sai in tarar gilasai sun yi hazo ta ciki, ko da ba a yi ruwa a daren ba. Sai warin danshi da ke tarbar mutum da zarar ya buɗe ƙofa. In na shafa kafet kuwa, a bushe nake jin sa, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa. A ƙarƙashin kafet ɗin Boxster akwai soso mai kaurin gaske, wanda aka sa don ya danne ƙara da zafi, yana iya shanye lita da yawa alhali saman bai nuna komai ba. Shafawa ba ta gaya maka gaskiya. Ka tura kujera gaba iyakarta, ka dafa tafin hannu a ƙasan bayanta, ka danna da nauyin jikinka ka ɗan jira. Da na yi haka, ruwa ne ya ɓullo ta tsakanin yatsuna.

Abin da ya sa wannan ya wuce maganar wari shi ne abin da ke zaune a wurin. A ƙarƙashin kujerar hagu, a kan daɓen mota, akwai wani baƙin akwatin roba da bai fi ɗan littafi girma ba. Shi ke kulle ƙofofi ya buɗe su, shi ke riƙe da ƙararrawar ɓarayi, shi ne kuma ke gane makulli. In bai amince da makullin ba, inji ba zai tashi ba, kome lafiyarsa. Wurin da yake nan ne ruwa ke taruwa in ya shigo. Kuma ba irin kayan da za ka ciro daga jikin wata mota ka jona ba ne. Sabo sai an haɗa shi da makullan motar da kwamfuta da lambobin sirrinta, aikin da ba a kowane gari ake yin sa ba, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne.

Wani dare cikin Agusta, ana tsakiyar ruwa, ƙararrawa ta ɗauka ita kaɗai. Kafin in fito, gilashin ƙofa ya sauka da kansa, ruwa na ta feshi a kan kujera. Abu na farko a irin wannan hali shi ne a cire kan batir, domin wuta da ruwa in suka haɗu a kan allon lantarki, cin sa suke yi cikin sa'o'i. Sai dai a kula da abu guda: daga ƙirar 2001 zuwa sama, da wuta ake buɗe murfin but na gaba, batirin kuma a cikinsa yake. In ka cire waya ka maida murfi ya kulle, ka ƙara wa kanka wani aiki. Tsumma na ɗora a kan maƙallin don kada ya kama. Rediyon ma yakan nemi lambarsa bayan an maida wuta, gara a nemo ta tukuna.

Da gari ya waye na kwance noti 4 da ke riƙe da kujera, na zare wayar da ke ƙarƙashinta, na fitar da ita. Kada a kunna makulli alhali wannan waya tana cire, in ba haka ba fitilar jakar iska, wato jakar da ke kumbura ta tare mutum in an yi hatsari, za ta kama ta zauna sai an goge ta da kwamfuta. Akwatin yana zaune cikin ruwa. Ban kai shi wurin masu wutar mota ba, wurin wani yaro mai gyaran wayar hannu na kai, don su ne suka saba da allon da ya faɗa ruwa. Ya buɗe, ya nuna mini inda wani farin gari mai ratsin kore ya soma fitowa a kusurwa ɗaya. Ya wanke da sifirit da buroshi mai laushi, ya busar da iska mai ɗumi, ya duba ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da madubin ƙara girma. "Yallaɓai, ka zo da wuri," in ji shi. Alhamdu lillahi, akwatin ya tashi, har yau kuma shi ke aiki.

Ba a neman yoyo a jiƙaƙƙiyar mota. Tsohon ruwa zai riƙa tsattsafowa daga soso, ka ɗauka sabo ne, ka bi shi zuwa inda ba komai. Don haka sai da na busar tukuna. Na ɗaga kafet na tokare da guntayen katako, na matse soson da tawul, na ari injin zuƙar ruwa daga wurin masu wankin mota, sannan na kafa fankar tsaye a bakin ƙofa ƙarƙashin rumfa. A Agusta rana ba ta da tabbas, iska ma da danshinta take zuwa, saboda haka kwanaki aka ɗauka. Wanda ya gaji ya maida kafet a kan soso mai laima, fumfuna da tsatsa ya rufe a ciki.

Kafin a zargi sama, ya kamata a tabbatar ruwan sama ne. Na'urar sanyaya mota tana da nata bututun da ke zubar da raɓa a ƙasa, in ya toshe yakan jiƙa wurin ƙafar fasinja, kuma za ka gane shi da cewa yana jiƙawa ko ranar da ba hadari. Ruwan inji kuma yana da launi, yana da santsi a yatsa, da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. A wannan mota tankinsa a but na baya yake, in ya tsufa yakan tsage ya jiƙa kafet ɗin can. Na duba nawa, ruwan yana kan layinsa bai motsa ba, kafet ɗin but a bushe. Wanda na matso daga soso kuwa ba launi, ba santsi, sai ɗan jan ƙasa. Wannan jan ƙasar ita ta fara nuna mini cewa ruwan ya ratsa ta wurin da ƙura ta taru.

Kowa ya ce rufin ne, a canza tamfol. Na kai ta Panteka wurin wani dattijo mai ɗinkin kujeru da rufin mota. Ya ɗebo ruwa a buta ya zuba a tsakiyar rufin, ya shiga ciki ya bi da bayan hannunsa a hankali, ya fito. Na ce, "Baba, nawa za a ɗinka sabo?" Ya ce, "Alhaji, ajiye kuɗinka. Wannan rufin bai ci amanarka ba, ka duba ƙasa da shi." Ya nuna mini a bakin ɗinki cewa yadin hawa uku ne, da roba a tsakiya, don haka ganin saman ya jiƙe ya yi duhu ba ya nufin ruwa ya ratsa. Mutumin da zai iya karɓar kuɗin sabon rufi ya sallame ni ba ko sisi. Ina ganin girmansa har yanzu.

Sai aikin tiyo. Mutum biyu yake so, ɗaya a waje ɗaya a ciki. Ƙanena ya riƙe tiyo, ni kuma na kwanta a inda kujera take da tocila a hannu, kafet a ɗage. Ba a sa wa tiyon baki mai feshi, ba a matse shi da yatsa. Ruwa ya riƙa kwarara a hankali kamar yadda yake sauka daga sama, don da ƙarfi ko lafiyayyar roba sai ta bari ya wuce. Daga ƙasa ake farawa a yi sama. In ka fara da rufi, ruwa zai bi ko'ina lokaci ɗaya, ya fito a ciki ba ka san ta wace ƙofa ya shigo ba. Mun fara da dokin ƙofa, sai ƙasan gilashi, sai kusurwar madubi, sai saman gilashin gaba, kowane wuri kamar minti 5, a tsaya, a jira, a duba. Na shimfiɗa yankakkun jaridu a gefuna, na barbaɗa hoda a kan ƙarfe, don ɗigo ɗaya ma in ya bi ta kan hoda sai ya bar layi. Kuma a inda motar ke kwana muka yi, da fuskar da take kallo, domin tsakar gidana ya ɗan karkata hagu, ruwa kuwa karkata yake bi.

Yoyo na farko a ƙofar direba ya bayyana. Mutane da yawa ba su san cewa ruwa yana shiga cikin ƙofar kowace mota ba: yana bi ta tsakanin gilashi da robarsa, ya sauka ciki, ya fita ta ƙananan ramuka a ƙasan ƙofar. Abin da ke tsare shi a ɓangaren ƙarfe shi ne wani shimfiɗaɗɗen mayafi da aka liƙa a bayan allon ƙofar. Da na cire allon, sai na tarar wani da ya taɓa gyara injin ɗaga gilashi, tun kafin motar ta zo hannuna, ya yanka mayafin da reza ya yi aikinsa, ya maida da salatif. Zafi ya saki salatif ɗin tuntuni. Ruwa yana bin bayan allon, ya ɗigo ta ƙasa, ya haye robar dokin ƙofa, ya sulale ƙarƙashin kafet. Alamar wannan mai sauƙi ce: bayan ruwan sama, taɓa ƙasan allon ƙofa inda aka yi masa kafet, in da laima, to ga shi nan. Na yanko leda mai kauri, na liƙa da baƙin gam ɗin nan mai danƙo da ba ya bushewa, irin wanda ake haɗa fitilun mota da shi, na tabbatar bakin ƙasa ya liƙu sosai yadda zai maida ruwa cikin ƙofa. Akwai jakar iska a cikin ƙofar, saboda haka wannan ma da batir a cire ake yin sa.

Da na tsaya a nan, da na ce an gama. Amma ɗigon ƙofar kaɗan ne, ba zai cika ƙasan kujera a dare ɗaya ba. Tsohuwar mota ba kasafai take yoyo ta wuri ɗaya ba, kuma wanda ka fara gani ba lalle shi ne babba ba. Sai a auna yawan ruwan da aka tarar da girman kafar da aka gano, a ga ko sun yi daidai.

Muka koma baya. Ƙanena ya ɗora tiyo a kan gilashin bayan rufi, ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin mota. Can sai ya ce, "Yaya, dama tana zuba, hagu shiru." Wannan shirun shi ne amsar. A gaban tayar dama ruwa na sauka shaa, a hagu ko ɗigo. Ban motsa ba, na kafa tocila a bangon da ke bayan kujera. Bayan ɗan lokaci sai ga wani siririn layi ya ratso hoda daga sama, ta wajen gindin bel, ya gangaro ya nufi daidai inda akwatin ke zama. Daga inda ya shigo zuwa inda ya kwanta akwai tazara mai yawa, kuma duk tafiyar a ɓoye yake yin ta.

Don a kai ga waɗannan magudanai sai an tsayar da rufin a rabin hanya, yadda ake yi in za a buɗe inji. Ka saki maƙallin gaba, ka danna maɓalli har bakin rufin ya ɗaga daga gilashin gaba kamar kamu ɗaya ko biyu, murfin ƙarfe na baya kuma ya tashi tsaye. Sai ka ɓalle wayoyi biyu masu kan ƙwallo da ke riƙe da gindin rufin, hagu da dama, ka ɗaga gindin sama ka ɗaure. Gilashin baya na wannan ƙirar roba ne, sai a ƙirar 2003 aka koma na ƙwarai, don haka a lura da yadda yake lanƙwasa, kada a yi aikin da sanyin safiya lokacin da robar ta sandare. Daga nan in ka haska can ƙasa a kowane gefe, za ka ga farantin soso baƙi, da rami a mafi zurfinsa.

Na hagu cike yake da ruwa, ganyen darbejiya na yawo a kai. Na zura hannu na lalubo ramin, na ji shi a shafe da laka. Da na ƙwaƙule, sai ga ƙwallon darbejiya guda ya zauna a bakin bututun daram, lakar kuma ta ɗaure shi. Da na zare shi, ruwan ya wuce gaba ɗaya da ƙara, ja wur, ya zube a gaban taya.

Ban rufe ba, don ina so in ga ta inda ruwan ke tsallakewa in farantin ya cika. Da na share shi na haska sosai, sai na ga yagewa a gefensa, tsawon yatsa. Dalilinta a kusa yake. Akwai sanda a kowane gefe da ke tura rufin, kanta da ƙoƙon roba da aka yi shi don ya karye in rufin ya cije, maimakon injin ya lalace. In ya karye, sandar takan faɗi ta soki soson da ke ƙasanta. Ƙoƙon hagu sabo ne fari tas, alamar an taɓa canza shi, amma wanda ya canza bai waiwayi ɓarnar da tsohon ya yi ba. Ke nan ko bututu a buɗe yake, in aka yi ruwa mai ƙarfi ya taru ya kai wannan tsagar, ciki zai zubo. Na yanko tsohuwar robar cikin taya na yi masa faci da gam, na kuma aika a sayo mini sabon faranti, wanda na sa daga baya.

Game da share bututun kansa, a nan ake yawan ɓarna. Kada a zura wayar ƙarfe, kada kuma a kai wa mai faci ya hura da kwamfiresa. Bututun roba ne, cusa shi kawai aka yi a mazauninsa, ba a ɗaure ba. Ƙarfe zai huda shi, iska mai ƙarfi za ta fizge shi, daga nan ruwa zai riƙa zuba cikin jikin mota a inda ido ba ya kaiwa, alhali daga sama kana ganin farantin yana shanyewa lafiya. Ni da yatsa na kwashe na sama, na zuƙe saura da inji, na zuba ruwan ɗumi ya jiƙa lakar, sannan na zura igiyar roba ta injin yankan ciyawa ina murzawa a hankali har ta leƙo ta ƙasa. Gwajin da na fi yarda da shi kuwa shi ne na gora: in cika gorar lita 1, in ajiye roba a gaban taya, in juye a faranti. In abin da ya sauka ya yi kusa da abin da na zuba, kuma nan take ya sauka, hanya lafiya. In rabi ya dawo, to sauran yana wani wuri a cikin motar.

Magudanan gaban mota ba su ba ni wahala ba. Ka cire murfin robar da ke kan batir, za ka ga ramuka a ƙasa, hagu da damansa. Nawa sun kusa rufewa da laka. In waɗannan suka toshe, wurin batir yakan zama tafki, ruwa ya kai ga kafar da iska ke shiga cikin mota ta wajen fasinja, ya kuma kai ga gangar da ke ƙara wa burki ƙarfi. Mintoci kaɗan suka ɗauka.

Sauran robobin ƙofa da na rufi, takardar kuɗi na yi amfani da ita: a maƙale ta a rufe ƙofa a ja, in ta zare ba tirjiya, robar wurin ta saki. Duka sun riƙe. Gilasan ƙofar ba su da firam, shi ya sa in ka ja hannun ƙofa sukan sauka kaɗan, in ka rufe su koma su shige cikin roba. Bayan an cire batir sukan manta iyakarsu, sai ka ɗaga gilashi har ƙarshe ka ci gaba da riƙe maɓallin na ɗan lokaci kafin su tuna. Wanda bai yi haka ba zai iya samun sabon yoyo da babu shi a da. Robar kuma a goge ta da tsumma mai laima a shafa mata man silikon. Ban da basilin, ban da baƙin mai, don suna kumbura ta ta yi laushi ta lalace. Masu wankin mota ma nakan roƙe su kada su kafa bakin injinsu a gefen rufi.

Wani mai gyaran wutar mota, mutum mai hannu wanda nake girmamawa, ya ba ni shawarar a huda daɓen ƙarƙashin kujera, ruwa in ya shigo ya fice. Akwai masu yin haka har a ƙasashen waje, wasu kuma sukan sa akwatin cikin wani gida da ruwa ba ya shiga. Gidan ban ƙi shi ba, kariya ce ta biyu. Hudawar ce ban yarda da ita ba. Jikin motar an yi masa rigar tutiya don tsatsa, in ka huda ka buɗe ɗanyen ƙarfe a wurin da ya fi ko'ina laima. Ga motar a ƙasa take ƙwarai, titunan Kaduna kuma in aka yi ruwan Agusta kowa ya san yadda suke cika. Ramin da ka yi don ruwa ya fita, ta nan zai shigo. Kuma ko ya fita, ai sai ya bi ta cikin soso tukuna. Na ce masa, "Oga, ni so nake kada ya iso nan ɗin sam." Bai ji haushi ba, shi ya ma taya ni maida kujera.

Yanzu motar ta bar gindin darbejiya, na yi mata rumfar kwano a gefen gida. Ba na lulluɓe ta da tamfol da damina, don yana riƙe danshi. Magudanan nakan buɗe su a ƙarshen Maris kafin ruwan farko, in sake bayan an yi ruwa biyu ko uku, lokacin da ƙurar shekara ta gama gangarowa, sannan a farkon Agusta. Kowane karo da gorar lita 1 da robar tarba, sai kuma in danna hannu a bayan kujerun biyu.

Abin da ya rage shi ne ɗinkin da ya zagaye gilashin roba na baya. Rana ta fara cin zaren a kusurwar ƙasa ta hagu, ya yi fari, ko da yake bai soma ɗiga ba. Baba mai ɗinki ya ce kada in kawo sai ruwa ya ɗauke, wajen ƙarshen Oktoba, kafin sanyin hunturu ya sandarar da robar, kuma in zo da tsakar rana. Ya ce zaren da rana ba ta ci shi zai nemo da kansa.